Furen biki ya langaɓe a kwana biyu, shukar Kirsimeti tana zubar da ganye: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni a Garwa nake. A bikin ƙanwata an kawo buken roz na ɗauko biyu na sa a ruwa, har sukari da aspirin na zuba kamar yadda aka ce min, amma kwana biyu duk suka sunkuyar da kai ruwan ma yana wari. Sannan maƙwabciyata ta ba ni wata shuka mai jan ganye a tukunya lokacin Kirsimeti, safe da yamma ina ba ta ruwa amma ganyen sai zuba yake. Ga Sallah na tafe ina so in yi wa salona ado da fure. Dan Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri a auren ya ba su zaman lafiya. Toh tambayarki biyu ce a haɗe kuma maganinsu kishiyar juna ne, shi ya sa mutane ke rikicewa. Furen da aka yanko ƙishirwa ce ke kashe shi alhali yana tsaye cikin ruwa, na tukunya kuma yawan ruwan da kike ɗura masa ne ke kashe shi. Zan fi daɗewa a kan na yanka don nan ne kuɗi ya fi tafiya a banza.

Kafin komai ki sani duk shawarar da ake gani a intanet ko a ɗan katin da ke zuwa da buke, wai a canza ruwa bayan kwana uku, wai roz yana yin kwana goma, an rubuta ta ne don ɗakin Faransa ko Holan inda zafin ɗaki yake digiri 18 zuwa 20. Mu kuma a Garwa ko Marwa ko Kuseri daga Maris zuwa Afrilu rana tana wuce digiri 40, cikin ɗaki ma in ba kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ki samu 33, 35. Shi fure ko an yanke shi yana da rai, yana numfashi yana cin ɗan abincin da ya tara a jikinsa, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi saurin wannan cin yana ninkawa biyu ko fiye. Kinga roz ɗin da zai yi kwana takwas a can, a nan in ya yi uku ko huɗu ya yi ƙoƙari, ba wai an yi miki algus ba. A hunturu kuma zafi ya sauka amma iska ta bushe ƙarau, laimar da ke cikinta takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, sai ta riƙa zuƙe ruwa daga ganye da fallayen fure fiye da yadda kara zai iya mayarwa. Wato kowane lokaci da irin nasa fitinar.

Ga kuma tafiyar da furen ya sha kafin ya zo hannunki. Roz ba ya son ƙasarmu ta zafi, manyan gonakinsa a Afirka suna kan tudu mai sanyi ne, Kenya wajen tafkin Naivasha da kuma Habasha, a Kamaru ma sai yankunan tsaunuka na kudu da yamma. Wanda ya taso daga Yawunde in ba a jirgin sama ba sai ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan mota ta gangaro da shi sama da kilomita 250 zuwa Garwa, a cikin kwali, ba ruwa. Don haka ranar da kika saya ba ita ce ranarsa ta farko ba. In za ki saya ki ɗan matsa gindin kan furen da yatsu biyu, in da tauri sabo ne, in ya yi laushi ya riga ya tsufa ko da kuwa launinsa na ɗaukar ido, don wasu masu sayarwa suna cire fallayen waje da suka lalace ya fito kamar sabo. Ki juya ki dubi ƙarshen karan, in ya yi baƙi ko yana santsi ki ajiye. Ki leƙa bokitin da suke ciki, in ruwan ya yi duhu-duhu yana tashi, duk abin da ke ciki ya riga ya kamu. In kuma a kan moto za ki kai gida, ki naɗe kawunan da jarida mai ɗan danshi ki riƙe kai ƙasa, kar ki bar iskar hanya tana dukansu, kuma kar ki ƙulle su a leda a rana, dafuwa suke yi.

Yanzu abin da ya faru da naki. A cikin karan fure akwai ƙananan bututu siraru sosai da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke hawa zuwa kai. Abu biyu ke toshe su. Na ɗaya iska, da zarar an yanke kara aka bar shi a fili sai ya zuƙi iska ta bakin yankan ta tsaya a ciki ta hana ruwa wucewa. Na biyu kuma wanda ya fi yawa a wajenmu, ƙwayoyin bakteriya, suna hayayyafa a ruwan su taru a bakin karan su yi wannan santsin da kike ji in kin taɓa. Da zafinmu cikin dare ɗaya sun cika ruwan. Ke kuma kika zuba musu sukari ba tare da abin da zai kashe su ba, sai ruwan ya zama kamar kunun zaƙin da aka manta a rana, shi ne warin da kika ji. Wuyan roz, wannan ɗan wurin ƙasa da kai, shi ne mafi taushi a jikinsa, ruwa na yankewa shi ke fara karyewa. Sukari kaɗai ya fi ruwan banza illa, wannan ki riƙe shi. Aspirin kuwa ni ban ga amfaninsa ba, haka parasetamol, haka sulallan da ake jefawa a ƙasan kwalba, gara ki bar maganinki don ciwon kai.

Abin da za ki yi in kin shigo da fure gida: ki fara da abin da za ki sa shi ciki, ba da furen ba. Ki wanke tulun ko kwalbar da sabulu, ki zuba ruwa da ɗan jabel, wato ruwan bilicin wanki, ki bar shi minti goma, ki ɗauraye, ki zura yatsa ki shafa ciki, in kin ji santsi bai wanku ba. Mafi yawan matan da ke kawo min kuka tulun da aka yi amfani da shi a bikin bara ne suka ɗauko daga saman kabad suka ɗauraye kawai, alhali dattin bara yana nan ya bushe a ciki yana jiran ruwa. Gilashi da tangaran sun fi wankuwa, na ƙarfe kuma ki guje shi don lemun tsami da jabel suna cinsa.

Sai ki cire duk ganyen da zai nutse a ruwa, duka, har ma ki rage na sama ki bar biyu ko uku kusa da kai, don kowane ganye ƙofa ce da ruwa ke fita, a hunturu musamman. Ƙayar roz ki bar ta in ba ta dame ki ba, in za ki cire ki ɓalle tsinin kawai kar ki kankare jikin karan da wuƙa, kowane rauni hanyar ruɓa ce. Sannan ki cika roba da ruwa, ki sa ƙarshen karan ciki, ki yanke santimita 2 zuwa 3 da wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, a karkace. Almakashin ɗinki da ya dakushe matse bututun yake yi ya rufe su, haka masu daddaka gindin kara da dutse wai ya fi shan ruwa, ɓarna ce. Amfanin karkatawar shi ne kar bakin ya zauna daram a ƙasan tulu ya toshe. Daga yanka sai cikin ruwa, ba ajiyewa a tebur a je a amsa waya a dawo ba. In furen ya sha tafiya, ki sa shi a bokiti mai zurfi a ɗaki mai duhu da sanyi awa uku ko huɗu ya ƙoshi kafin ki jera shi a salo.

Ruwan kansa da magana. Na famfo da tsakar rana a Garwa zafi yake fitowa, ki ɗebi na randa. Ruwan foraj da na rijiya a wurare da yawa yana da nauyi, alamarsa wannan farin da ke kamawa a cikin butar shayi, kuma fure ya fi shan ruwa mai ɗan tsami, nan ne lemun tsami ke shigowa. Haɗin da nake ba mutane a lita 1 na ruwa: sukari ƙaramin cokali 2, ruwan lemun tsami babban cokali 2 a tace shi, jabel rubu'in ƙaramin cokali zuwa rabi. Sukarin shi ne abincin da zai sa kawunan da ba su buɗe ba su buɗe, lemun yana sauƙaƙa hawan ruwa, jabel ɗin shi ne mai gadi. Jabel iri-iri ne a kasuwa, akwai mai kauri da ake sirkawa akwai wanda aka riga aka sirka, in naki mai kaurin ne ki tsaya a ɗigo kaɗan, in ya yi yawa za ki ga karan ya koɗe ya yi fari ganyen ya ƙone. Kuma dan Allah kar ki haɗa jabel da lemun tsami zalla a kofi, suna fitar da iskar kulorin mai cutar da ƙirji da ido, ki fara cika ruwan, ki zuba lemun ki juya, jabel ya zo ƙarshe. A tsakiyar zafin Afrilu ni har sukarin nake ragewa rabi, wani lokaci in cire shi gaba ɗaya in furen ya riga ya buɗe. In buken ya zo da ɗan ƙullin garinsa na kamfani, abubuwan nan uku ne a ciki, ki bi awon da aka rubuta. Wasu suna amfani da farin lemun kwalba mai sukari, kashi ɗaya a ruwa kashi uku da ɗan jabel, yana aiki, sai dai tururuwa za ta yi miki sallama, ki ɗora tulun a kan faranti mai ɗan ruwa.

Canjin ruwa a lokacin zafi kullum ne, a hunturu bayan kwana biyu, kuma canji nake nufi ba ƙari a kan tsohon ba: a zubar, a wanke tulu, a ɗauraye karan, a sake datse santimita 1, a cire duk wanda ya fara ruɓewa ko da kina jin tausayinsa. Minti biyar ne aikin. Wanda ba zai iya wannan ba gaskiya ya sayi na roba ya huta, ba abin kunya ba ne.

Inda za ki ajiye shi ma yana da nasa. Ba gaban fanka ba, ba saitin bakin kilim ba, ɗaki mai kilim yana da kyau amma iskar kar ta riƙa bugunsa kai tsaye don busasshiya ce. Ba bakin taga ba, ba saman talabijin ko firigo ba, suna fitar da ɗumi. Sai wani abu da mutane ba sa yarda sai sun gani: kayan marmari. Mangwaro da ayaba da tumatir da gwanda in suna nuna suna fitar da wata iska mai suna etilen, ba ta da launi, ita ke sa ɗanye ya nuna in an haɗa shi da nunanne, kuma ita ke sa fure ya tsufa ya zubar da fallaye. Kwandon mangwaro a tebur ɗaya da fure ranar Sallah kyau a hoto kawai. Hayaƙi ma yana ɗauke da ita, na gurup wato janareta, na moto da ake tayarwa a tsakar gida, na gawayi, na taba. Toh ga inda zan taɓo ku mata, turaren wuta. Na san gidan mace a Njamena ko Garwa ba ya cika sai da shi, ban ce ki bari ba, amma in za ki turara salo ki fitar da furen zuwa wani ɗaki sai hayaƙin ya lafa ki dawo da shi. Furen da Faransawa ke kira œillet shi ya fi kowa rashin jurewa, dare ɗaya zai naɗe kansa ya rufe ba zai sake buɗewa ba.

Da dare ki kai shi wuri mafi sanyi a gidan, galibi gindin randa, in da buhun algarara ki jiƙa ki shimfiɗa a kusa. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, don tumatir da alayyafo aka yi ta amma tulun fure ma yana jin daɗinta, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu. Firigo kuma da sharaɗi. Roz da œillet da lis (wanda ake kira lily da Turanci) suna son sanyi har zuwa digiri 2 ko 4, za su iya kwana a ciki in ba kayan marmari kuma ba su taɓa bangon baya ba. Amma furannin da ke zuwa daga kurmin kudu, helikoniya, anturiyum, da wani da ake kira roz ɗin tangaran, da orkide, 'yan ƙasar zafi ne, in sanyi ya yi ƙasa da wajen digiri 12 sai su yi baƙi-baƙi, kar ki kuskura. In kuma unguwarku ana yawan ɗauke wuta ki haƙura da firigon gaba ɗaya, sanyi ya zo ya tafi gumi ya kwanta a fallaye, sai wata ruɓa mai launin toka ta kama.

In roz ya riga ya sunkuya kar ki yi saurin zubarwa. Ki datse karan sosai, santimita 5 ko fiye, ki miƙe wuyan a hankali ki naɗe kan da jarida ta riƙe shi a tsaye, ki tsoma a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, wajen digiri 40, har kusa da wuya, ki bar shi awa biyu a inuwa. Ko ki kwantar da shi gaba ɗaya a baho ya nutse na awa ɗaya. In an kama da wuri da yawa suna tashi, in wuyan ya riga ya yamutse ya bushe toh shikenan, ki yanke kan ki sa a kwano mai ruwa ya yi yawo a sama, ko ki rataye shi kai ƙasa ya bushe.

Wasu suna da halinsu daban. Jerbera karansa taushi ne mai gashi-gashi, ruwa mai zurfi ruɓar da shi yake, yatsa uku ya ishe shi. Lis ki cire 'yan kawunan garin nan mai ruwan lemo da ke tsakiya da zarar ya buɗe, in ya zuba a shadda ko lafaya da wuya ya fita, in ya zuba kar ki goga da ruwa ki ɗaga shi da selotef, kuma in da kyanwa a gidan ki sani lis guba ne gare ta, yana kashe mata ƙoda. Wanda aka kawo a soke cikin koren soson nan, kullum ki zuba ruwa a gindin, in ya bushe sau ɗaya ba ya sake sha da kyau. In ke za ki jiƙa sabo, ki ɗora shi a saman ruwa ya nutse da kansa, in kika danna shi tsakiyar zai zauna a bushe.

Maganar Sallah kuwa ga ra'ayina, ki ɗauka ko ki bari. Sallah tana ja baya da wajen kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan ƙaramar tana faɗowa wajen Maris, daidai lokacin da zafi ke shigowa da ƙarfinsa. Zuba jakunkuna a roz a wannan lokacin ni ban ga hikimarsa ba. In saye ne ki nemi helikoniya ko anturiyum, da kula suna kai kwana goma har sati biyu, suna son a ɗan fesa musu ruwa a jiki. In kuma kina da ɗan fili ko tsofaffin bokitai, ziniya daga iri zuwa fure wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana son rana, kuma yankan ma ƙara mata rassa yake. Gomfirena mai 'yan ƙwallayen nan shunayya da selosiya mai kama da zankon zakara su ma zafi bai dame su ba, gomfirena ko ta bushe launinta na nan. Ki yanka bayan sallar asuba lokacin da karan ke cike da ruwa, ki fita da bokitinki a hannu. Ziniya ki ɗan girgiza karan kafin ki yanka, in wuyan yana lilo bai ƙosa ba zai langaɓe, in ya tsaya ƙyam ki yanka. Hibiskus kar ki wahalar da kanki, kwana ɗaya yake yi ko a jikin uwarsa. Don ƙamshi kuma reshen furen lalle biyu a ƙaramar kwalba ya wadatar da ɗaki, kuma a bayan gida yake kyauta.

Toh sai shukar maƙwabciya, Allah ya saka mata. Sunanta ponsetiya, a nan an fi saninta da tauraron Nowel. Asalinta Meziko ce, Joel Poinsett jakadan Amurka na farko a can shi ya aika da ita ƙasarsu a shekarun 1820. Dangin tinya ce da aguwa, shi ya sa in kin karya reshe farin nono ke fita. Jan da kike gani ganye ne ya rine, ainihin furen 'yan ƙananan rawayan nan ne na tsakiya, in za ki saya wata rana ki duba su, in suna nan a dunƙule shukar sabuwa ce, in sun zube ta daɗe a kasuwa.

Ruwa safe da yamma shi ne ya kayar miki da ganyen. Saiwa tana buƙatar iska, in ƙasa ta zauna a jiƙe kullum sai ta shaƙe ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta shan ruwa, sai shukar ta yi yaushi kamar mai ƙishi, ke kuma ki ƙara mata, haka ake ta zagaye har ta mutu. Ki duba, galibi tana zuwa a naɗe da takarda mai ƙyalli ko a cikin wata tukunyar ado marar huji, ruwa na taruwa a ƙasa ba ki sani ba. Cire wannan yau. Ki tabbata tukunyar na da huji. Ki zare shukar a hankali ki dubi saiwar, in fara ce da ƙwari da sauranta, ki daina ba ta ruwa har saman ƙasar ya bushe. In ta yi ruwan ƙasa tana saɓulewa a hannu tana wari, ki yanke ruɓaɓɓen ki canza mata ƙasa, yashin mayo (kogi) kashi ɗaya, ƙasar lambu kashi ɗaya, taki da ya ruɓe sosai kashi ɗaya, ba ɗanyen kashin shanu ba. Laka zalla irin ta karal kar ki sa, riƙe ruwa take ta daskare. Daga nan awonki yatsa ne ba agogo ba, ki tura shi har gaɓa ta farko, in kin ji danshi ki wuce, in ya bushe ki zuba sosai har ya fito ta ƙasa, bayan minti goma sha biyar ki zubar da na farantin. A hunturu zai iya zama bayan kwana biyu ko uku, a zafi zai iya zama kullum, shukar ce za ta gaya miki.

Tana son haske sosai amma ba ranar azahar ba, baranda mai samun hantsi ta fi. Ba ta son iska mai kaɗawa, sanyin asubar Janairu a Marwa ko Njamena in ya haɗu da iska shi kaɗai yana sa ta zubar da ganye, ki matsar da ita jikin bango. Ƙurar hunturu ki riƙa wanke mata ita da sassafe sau ɗaya a sati. Ki ɗaga ganyen ki duba ƙasansa, in kin ga 'yan fararen ƙudaje suna tashi, ki dama ɗan sabulu a ruwa ko ki jiƙa dakakken 'ya'yan dogon yaro ya kwana ki tace, ki fesa ƙasan ganyen da yamma, ki maimaita bayan kwana biyar. Maganar da ake yi wai tana kisa an zuzuta, amma nonon yana sa ƙaiƙayi kuma in ya shiga ido da zafi, ki wanke hannu, ki ɗaga ta daga inda masu rarrafe suke.

Kuma kar ki jefar da ita in jan ya ƙare, Turawa ke yin haka don sanyinsu ba ya barinta a waje. A Ngaundere da ke kan tudu sama da mita 1000 za ki gan ta a ƙofar gidaje ta zama itaciya ta fi mutum tsawo. Wajen Maris ki datse rassan ki bar kamar santimita 15, ki ɓoye ta a inuwa ta wuce zafin Afrilu, damina na sauka za ta yi toho, ki riƙa tsinke kan tohon har zuwa Agusta don ta yi rassa da yawa, ki ba ta ɗan taki. Abin da ke sa ta ja dogon dare ne marar yankewa, wajen awa 12 ko fiye a jere na tsawon sati takwas zuwa goma. A Turai sai sun rufe ta da kwali, mu daga Oktoba darenmu ya isa da kansa, matsalar ɗaya ce, ƙwan lantarkin tsakar gida ko fitilar sola da ke kwana a kunne. Ko ɗan haske ne a tsakiyar dare yana ɓata lissafin, sai Disamba ta zo tana nan koriya shar. Ki kai ta lungun da ba fitila, ko ki kifa mata kwali daga magariba zuwa safe. A Garwa tana iya ɗan makara don zafin daren Oktoba yana jinkirta ta, sai sanyi ya shigo take kamawa sosai.

Kalanshuwe mai kaurin ganye da ake kyautarsa a wannan lokacin, ɗan Madagaska, shi ma dogon dare ke sa shi fure, kuma ya fi ponsetiya ƙin ruwa, sai ƙasar ta bushe gaba ɗaya. Masu kawo reshen sapen, itacen da ake wa ado, daga kudu don Kirsimeti su datse gindin su tsaya da shi a bokitin ruwa ko jiƙaƙƙen yashi, in ya bushe a hunturu kyandir ɗaya ko wayar fitila da ta yi zafi ta isa ta tayar da gobara.

In kuma kina son abin tukunya da zai yi miki fure a tsakiyar rani ba tare da rarrashi ba, ki nemi kariya, wadda ke fitowa da kanta a duwatsun wajen Marwa da Mokolo, masu lambun fure a bakin hanya suna da ita har da mai ninki da fara da ja. Rana take so ƙiri-ƙiri, ƙasa mai yashi, ruwa sau ɗaya a sati ko ƙasa da haka, da damina ma ki janye ta daga inda ruwan indararo ke zuba. Ita kam gubarta ta gaske ce ba irin ta ponsetiya ba, da ruwanta mafarauta ke dafin kibiya, don haka nesa da yara da awaki, kuma wuƙar da kika yanka ta da ita kar ta koma kicin sai an wanke ta da sabulu.